Duma a Gidan Birni: Shukarsa da Tsare Irinsa a Kudancin Kogin Kaduna



Wannan lacca za ta yi magana ne a kan wani tsiro wanda kowa ya san 'ya'yansa, amma ba kowa ya san uwar ba. Yaron da aka haifa a Kakuri ko Barnawa ya sha koko da ludayi, ya ga mai fura tana damu a ƙwarya, ya kuma ji ana kiɗan ƙwarya a gidan biki. Amma in aka tambaye shi inda ake samo waɗannan abubuwa, sau da yawa sai ya yi shiru, ko kuwa ya ce sassaƙa su ake yi kamar akushi. Uwar tasu ita ce duma. Abin da za a nuna a nan shi ne, shuka duma a cikin gida ba ta da wata wahala. Wahalar tana wajen abu biyu, watau sarrafa ƙarfinsa a cikin ƙuntataccen fili, da kuma tsare irinsa kada ya gauraye ya ɓace. Na biyun ya fi na farkon nauyi, domin ya shafi harshe kansa.

Asalin duma

Masana tsirrai suna kiransa Lagenaria siceraria. Dangi ɗaya ne da guna da kankana da agushi da soso da garahuni da kabewa, sai dai ba duk danginsa ne 'yan ƙasa ba. Kabewa, alal misali, duk da yadda ta zauna daram a miyar taushe, baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, kuma ba ta ƙetaro teku ba sai bayan shekarar 1492. Akwai kuma wani itace da ake shukawa a kudancin Nijeriya mai 'ya'ya kamar ƙwarya, shi ma daga Amurka aka kawo shi, kuma ba shi da dangantaka da duma. Duma kuwa ɗan Afirka ne gaba da baya. A shekarar 2004 aka bayyana samun duman dawa a ƙasar Zimbabuwe, wanda ba hannun mutum ya shuka ba. Abin lura game da shi shi ne ɓawonsa siriri ne, yana fashewa da ya bushe. Ashe ke nan kaurin nan da ƙwarin nan na ƙwarya aikin mutane ne, waɗanda suka yi dubban shekaru suna zaɓen iri daga duman da ya fi kauri, suna ajiyewa, suna sake shukawa.

Har ila yau duma yana cikin tsirran farko da ɗan Adam ya fara amfani da su. An tono sakainarsa a ƙasar Meziko wadda ta kai kimanin shekara 10,000. Yadda ya isa can ya daɗe yana jawo gardama. A 1954 wasu masana biyu a Amurka, Whitaker da Carter, suka saka duma a ruwan teku ya yi kwana 224 yana yawo, da suka fasa suka shuka 'ya'yan, sai ga su sun tsiro. A 2014 kuma wani binciken ƙwayoyin gado ya nuna tsohon duman Amurka ya fi kusa da na Afirka a kan na Asiya, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa igiyar ruwa ce ta ƙetarar da shi. Wannan ba zai ba masuncin Argungu mamaki ba, shi da yake kifa cikinsa a kan gora ya ratsa kogi.

Littattafan addini ma ba su bar shi a baya ba. A cikin Suratus Saffati an ambaci tsiron da aka tsirar wa Annabi Yunusa, kuma malaman tafsiri da yawa sun ce tsiro ne mai yaɗo daga dangin duma. A wasu tsofaffin fassarori na Littafin Yunana ma da duma aka fassara tsiron da ya yi masa inuwa. Saurin tofonsa da faɗin ganyensa kuwa abu ne da duk wanda ya taɓa shuka shi zai shaida.

Suna da iri

Bahaushe ya yi amfani da kalma ɗaya, watau iri, ga abu biyu: ƙwayar da ake shukawa, da kuma nau'in abu. A wajen duma waɗannan ma'anoni biyu sun haɗu sun zama ɗaya. Tsiron ɗaya ne, ganye ɗaya, fure ɗaya, amma abin da zai haifa ya danganta ga irin da aka binne. Akwai mai haifar babban duma kewayayye wanda in aka raba shi biyu a sami masaki ko ƙwarya. Akwai ƙaraminsa mai ba da ƙoƙo da kwacciya da moɗa. Akwai mai dogon wuya wanda ake tsagawa a sami ludayi biyu. Akwai mai ƙugu da ƙaramin baki, wanda daga gare shi ake samun gora da gyandama da buta da jallon alwala. Akwai dogo miƙaƙƙe mai ba da zunguru na ƙunshin lalle da shantu na kiɗan mata. Akwai ɗan mitsitsi wanda almajiri yake mayarwa kurtun tawada. Ko da ƙwarya ta fashe ba ta rasa suna ba: ta zama sakaina, ko a gyara ta ta zama marar kwasar tuwo, ko kuma a kai wa gyartai ya ɗinke.

Wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934, ko littafin sunayen tsirrai da likita Dalziel ya wallafa a 1916, zai ga yadda wannan tsiro ɗaya ya mamaye wuri a cikin Hausa. Har wasu tsirran da ba danginsa ba sun ari sunansa saboda suna yaɗo, kamar duman kada da duman dutse. Daga nan kalmomin suka fita daga madafa suka shiga jikin mutum da sha'anin mulki. Ana cewa ƙoƙon kai da ƙoƙon gwiwa. Ana cewa ƙwaryar gari, ana nufin tsakiyarsa. Ma'aikatan gwamnati da ke zaune a nan sun san riƙon ƙwarya fiye da kowa, kuma da wannan suna aka kira gwamnatin Cif Ernest Shonekan ta 1993. Hoton da ke cikin kalmar kuwa a fili yake: wanda aka ba ƙwarya ya riƙe, abu ne mai fashewa, kuma ba nasa ba ne, mai ita yana nan tafe.

To, ina haɗin wannan da lambun gida? Haɗin shi ne, kowace daga cikin waɗancan kalmomi na kayan aiki tana tsaye ne a kan wani iri da wani yake ajiyewa. Kwanon sha da langa da samira, sa'an nan roba, sun karɓe aikin ƙwarya a yawancin gidajen birni, kuma ba laifi ba ne mace ta zaɓi abin da ba ya fashewa. Ƙwarya da ludayi suna nan da ransu saboda fura da nono sun riƙe su, goge ma har yanzu da ƙwarya ake haɗa shi. Amma zunguru fa? Tun da leda da lallen zane suka shigo, yarinya nawa ce a Kaduna ta taɓa zura hannu a cikinsa? In aka daina nema, manomi ya daina shukawa. In ya daina shukawa na 'yan shekaru, irin da ke cikin rumbunsa ya mutu. Daga nan kalmar ta koma cikin ƙamus kaɗai, malami yana bayani da hannu, ɗalibi yana haddacewa domin jarrabawa.

Ƙasa da gidaje a kudancin kogi

Ta fuskar yanayi, Kaduna ta dace da duma ƙwarai. Ruwa yakan fara sauka a watan Afrilu ko Mayu ya ɗauke a Oktoba, kuma abin da ake samu a shekara ya kai kimanin milimita 1,200, mafi yawansa a Agusta da Satumba. Duma yana bukatar wata huɗu zuwa biyar daga shuka zuwa ƙosawa, sa'an nan yana bukatar busasshiyar iska. Damina ta ba shi na farko, hunturu ya ba shi na biyu.

Matsalar tana wajen gidajen. Kudancin kogi ƙasar Gbagyi ce tun asali, waɗanda aka san matansu da ɗaukar kaya a kafaɗa. Layin dogo da ya isa Kano a 1911 ya ratsa ta nan, aka kuma dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Amma abin da ya cika wannan ɓangare da mutane shi ne masana'antu. An buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya a shekarun 1960, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma a 1980. Dubban ma'aikata suka zo daga ko'ina, Hausawa da Bajju da Atyap da Ham da Tibi da Idoma da Ibo da Yarabawa, aka gina musu ɗakunan haya a jere a Kakuri da Makera da Nasarawa. Manyan masaƙun sun rufe tsakanin 2002 da 2007, amma fasalin gidajen yana nan: tsakar gida 'yar kaɗan, daɓen siminti, rufin kwano, katangar bulo, da wayar lantarki tana ratsawa ta sama. A Barnawa da Narayi da Sabon Tasha akan sami ɗan fili a bayan gida, amma shi ma bai kai ko kusurwar gidan ƙauye ba.

A ƙauye ba wanda yake yi wa duma tanadi. A jefa iri a gindin danga ko bayan rumbu, ya hau jinka ya kwanta, a dawo da kaka a tarar da 'ya'ya. Jinka tana da sanyi, tana da wurin kamawa, kuma ana sabunta ta. Rufin kwano kuwa yana ƙona ganye da tsakar rana, ganyen da ya mutu ya toshe indararo, danshin da ya maƙale a ƙarƙashinsa ya jawo tsatsa. Wanda ya kwaso dabarar ƙauye ya kawo gidan haya, kafin Satumba zai yi faɗa da mai gida.

Rumfa tukuna

Saboda haka aikin farko rumfa ce, kuma a gama ta kafin a taɓa iri. Tushe ɗaya na duma yana iya miƙewa ya wuce ƙafa 30, ban da rassa, kuma a cikin marka ana iya ganin bambancin tsawonsa tsakanin safiya da safiya. Yana da wasu siraran hannuwa masu baki biyu da suke fitowa a gindin ganye, duk abin da suka taɓa sai su nannaɗe shi, ko igiyar shanya ce ko wayar wuta. In ba a tanadar masa hanya ba, shi zai zaɓi tasa.

Rumfa mai tsawon ƙafa 7 ta isa, yadda mutum zai shiga ƙarƙashinta a tsaye. A kafa dirkoki huɗu ko shida masu ƙwari, a shafa wa gindinsu baƙin mai saboda gara, a gicciya sanduna a sama da tazarar kamar ƙafa ɗaya. Sandunan gora sun fi dacewa, kuma ana samunsu a wajen masu sayar da katako. A nan ɗaliban Hausa sai su lura: gorar rumfa mace ce, goran duma namiji ne, rubutu ɗaya amma furuci daban. Kada a raina nauyin da rumfar za ta ɗauka. Ɗanyen duma ruwa ne zalla a ciki, kuma guda goma a rataye, ga jiƙaƙƙen ganye, ga iskar hadari, sun isa su kayar da rumfar da aka yi da ganganci. A kafa ta nesa da wayar lantarki, a wurin da rana take samu aƙalla rabin yini.

Rumfar nan tana da wata riba ta dabam. Inuwar duma tana rage zafin ɗakin da ke kusa, kuma ƙarƙashinta wurin zama ne da wanke-wanke. Masu tsoron maciji su sani cewa duman da aka ɗaga sama, aka share ƙarƙashinsa, bai kai tarin itace ko bulo ɓoye maciji ba. Wanda aka bari ya kwanta a ƙasa cikin ciyawa shi ne abin tsoro.

Girman fili shi zai faɗi irin da za a shuka. Masaki da babban gora ba na rumfa ba ne, a ƙasa suke so su zauna, kuma suna cin fili. Mai ƙaramin gida ya tsaya ga ludayi ko ƙoƙo ko buta ko zunguru. Waɗannan sun ma fi kyau a rataye, domin nauyinsu yana ja musu wuya ya miƙe sambal, alhali ludayin da ya girma a ƙasa yakan lanƙwashe.

Shuka da reno

A jira ruwa ya zauna, watau daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni. A haƙa rami ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 zurfi, a cika shi da ƙasa gauraye da ruɓaɓɓen takin dabbobi da ɗan toka. Duma mai ci ne, amma ba ya son ƙafarsa a ruwa. Gidajen da ke gangaren kogi, inda ambaliya ta shiga a 2003 da 2012, da duk inda ruwa yake kwanciya, sai a tara ƙasar ta yi tudu a shuka a kai. Wanda tsakar gidansa siminti ce ya sami rabin duro ko babban buhu, ya huda ƙasansa, ya cika. Kada kuma a ɗebo ƙasa daga bakin magudanun da suka fito daga unguwar masana'antu, ko da ta yi baƙi ta yi kyau a ido, tun da abin da za a samu a ƙarshe mazubin abinci ne.

Ƙwayar duma tana da taurin ɓawo, don haka a jiƙa ta kwana ɗaya. A binne uku ko huɗu a zurfin inci ɗaya. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za su fito. In sun yi ganye huɗu a cire raunana a bar ɗaya, ko biyu in rumfar babba ce. Nan ne mai gida yakan ji tausayi ya bar duka, daga baya ya rasa hanyar shiga bayan gidansa. A kare tsiron daga akuya da kaji da 'yar ƙaya ko tsohon kwando har ya kama dirka.

Yayin da yake hawa, a riƙa cire rassan da ke fitowa a ƙasa. Da ya kai saman rumfa ya ɗan kwanta, sai a tsinke kan uwar. Wannan ba mugunta ba ce, kuma dalilinsa yana cikin furen.

Furen dare

Furen kabewa rawaya ne, da safe yake buɗewa. Furen duma fari ne fat, yana buɗewa da faɗuwar rana, kafin hantsi ya yanƙwane. Tushe ɗaya yana ɗauke da fure iri biyu. Namiji yana da dogon kara siriri, shi yake fara fitowa, kuma ya fi yawa a jikin uwar. Macen tana da gajeren kara, a ƙarƙashinta akwai ɗan ƙulli mai gashi wanda tun a lokacin ya ɗauki siffar abin da zai zama, ko ludayi ko ƙoƙo. Mata sun fi fitowa a rassan gefe. Wannan shi ya sa ake tsinke kan uwar, domin ta yi rassa. Mutane da yawa sukan ga fure ya yi ta zuba har mako biyu ba ɗa, su ce dumansu namiji ne, su tuge shi. Da sun ƙara haƙuri kaɗan da sun ga matan.

Masu kai garin fure daga namiji zuwa mace ƙwarin dare ne, musamman manyan faɗa-wuta masu dogon baki. A birni wannan aiki yana samun tangarɗa. Maganin sauro da ake fesawa yana kashe su, fitilun tsaro kuma suna janye su daga fure. Wani bincike da aka yi a ƙasar Suwizalan a 2017 ya nuna hasken fitila da dare yana rage ziyarar ƙwari ga furanni da fiye da rabi. Ga kuma ruwan yamma na watan Agusta da yake wanke garin. Maganin abin mai sauƙi ne. Bayan magariba a tsinko namiji wanda ya buɗe a daren, a cire fararen ganyayensa, a goga tsakiyarsa a tsakiyar macen a hankali. In ya kama, cikin 'yan kwanaki ƙullin zai fara kumbura. In bai kama ba zai yi rawaya ya faɗi. Aiki ne na minti biyar, kuma yara suna son sa.

Wanda yake son 'ya'ya manya masu kauri ya rage yawansu, ya bar kamar biyar ko shida a tushe. Wanda ya yi nauyi a tallafe shi da tsohon zane ko raga a ɗaure a jikin rumfa. Abokan gabansa a wannan lokaci su ne wasu jajayen ƙwari masu huda ganye, da darɓa, da wani ƙuda mai harbin ɗanyen ɗa ya zuba ƙwai a ciki ya ruɓe, da fumfuna mai bin ganye in danshi ya yi yawa. Toka da ruwan 'ya'yan dogon yaro suna rage ƙwarin ganye. Ƙudan kuwa sai a rufe ɗan da takarda ko ƙyalle har ɓawonsa ya yi tauri, wanda ya riga ya ruɓe a binne shi da zurfi. Ganyen da ya kamu da fumfuna a yanke, iska ta sami hanya.

Akwai gargaɗi ɗaya da bai kamata a tsallake ba. A Indiya da Sin ana noma wani duma marar ɗaci ana cinsa ɗanye kamar kayan miya. Duman ƙwarya na nan ƙasar galibi mai ɗaci ne, kuma ɗacin nan guba ne. A 2010 wani mutum ya rasu a birnin Delhi bayan ya sha ruwan duma mai ɗaci, har hukumomin lafiya na can suka ja kunnen jama'a. Kada a bar yara su tauna, kada kuma a yi magani da shi bisa jin ƙai. Mai neman tsiro mai hawa domin miya, ga ugu nan da maƙwabta 'yan kudu suke shukawa a Sabon Tasha da Television, shi ma ɗan Afirka ta Yamma ne, sai dai shi namiji daban mace daban, kuma irinsa ba ya jure bushewa.

Katanga

Duma bai san iyakar fili ba. Da ya cika rumfa zai miƙa hannu ga katanga, daga nan ya leƙa gidan maƙwabci ya hau mangwaronsa ko eriyarsa. A unguwannin da jama'a da yawa suka sauya mazauni bayan rikicin 2000 da na 2002, maƙwabtaka aba ce da ake lallaɓawa, kuma bai kamata ganye ya zama sanadin magana ba. Ladabin abin shi ne a gaya wa mai gida da maƙwabci tun kafin shuka, a kuma riƙa zagawa da wuƙa sau ɗaya a mako ana datse duk reshen da ya nufi waje. In wani ya kuɓuce ya haihu a can, a bar wa mai gidan. Babu wata al'umma a cikin waɗanda aka lissafa ɗazu da ba ta da ƙwarya a cikin al'adarta, saboda haka da wuya a ƙi karɓa.

Girbi da fafe

Gaggawa ita ce take ɓata aikin wata biyar. Duman da aka tsinke bai ƙosa ba zai motse ya ruɓe. Alamar ƙosawa ita ce karan da ya riƙe shi ya bushe ya koma ruwan ƙasa, gashin jikinsa ya kaɗe, farce kuma ba ya shiga. A Kaduna wannan yakan faɗo a ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. A yanke da ɗan kara a jiki, a ajiye a inuwa mai iska, a kan katako, ana juyawa. Baƙin tabon fumfuna da yake fitowa a fatar waje ba lalacewa ba ne, yana kankaruwa. Wanda ya yi laushi shi ne a jefar.

Mai son ƙwarya ko ludayi sai ya ja layi ya raba da zarto, kowane ɓari da abokin burminsa. A kwashe 'ya'yan, a jiƙa ɓarin a ruwa kwanaki har totuwar ta ruɓe, a kankare da mafafi, a yi ta sauya ruwa har ɗaci ya fita, sa'an nan a shanya a inuwa. Mai son gora ko buta kuwa baki kaɗai zai yanke, ya zuba ruwa ya bari ta ruɓe, ya zuba tsakuwa ya yi ta girgizawa yana zubarwa. Aiki ne na makonni, kuma daga nan aka sami karin maganar nan cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ruɓaɓɓiyar totuwa tana da ɗoyi ƙwarai, don haka mazaunin gidan haya ya yi jiƙon a rufaffen mazubi, ya zubar da ruwan a rami.

Tsare iri

Yanzu sai a koma ga batun da aka ce ya fi nauyi. Tun da duk nau'o'in duma tsiro ɗaya ne, suna barbarar juna ba tare da wani shamaki ba. In aka shuka ludayi kusa da ƙoƙo, 'ya'yan bana za su fito daidai, kowanne da siffar uwarsa. Ɓarnar tana ɓoye a cikin ƙwayar. In aka shuka ta baɗi sai a sami abin da ba ludayi ba ba ƙoƙo ba, wuya gajere, ciki ba zurfi, abin da Hausa ba ta da suna gare shi saboda ba shi da aiki. Manoman duma na karkara sun san haka, shi ya sa mai neman iri yakan je wurin wanda aka san dumansa.

A nan ne ƙaramin gidan birni ya zama da amfani. Gida ɗaya, iri ɗaya. Tun da katanga ba ta hana ƙwaro ƙetarewa, wanda yake son tabbaci sai ya ɗaure bakin furen mace da na namiji da zare tun da la'asar kafin su buɗe, ya yi barbarar da hannunsa bayan magariba, ya sake ɗaure macen, ya sa wa karanta alama da jan ƙyalle. Ɗa ɗaya da aka yi wa haka ya isa ya ba da irin da za a raba wa gidaje da yawa. In ma'aikatan ofis ɗaya ko malaman makaranta ɗaya suka raba nau'o'in a tsakaninsu, wannan zunguru, wancan jallo, wancan kurtu, sun yi aikin da ya dace da na rumbun adana iri na ƙasa da aka kafa a Ibadan a 1987, har da ƙarin cewa nasu irin yana tare da sunansa da mai amfani da shi.

Ɗalibai kuwa suna da nasu rabo. Wanda zai tafi hutu Zariya ko Katsina ko Sakkwato ko Kafanchan, ya nemi tsofaffin mata da masu sayar da ƙore a kasuwa, ya tambayi sunan kowane nau'i a bakin mutanen wurin, da abin da ake yi da shi, da garin da ake noma shi, ya rubuta yadda aka faɗa, ba yadda yake a ƙamus ba. Sa'an nan ya roƙi ƙwaya goma. Irin da aka samo a wanke shi, a shanya a inuwa har ya bushe ƙayau, a gauraya da toka, a zuba a kwalba mai murfi ko a cikin busasshen gora a toshe bakin, a ajiye inda ba zafi ba danshi. A rubuta sunan nau'in da garin da shekarar a jiki. Kada a bar shi ya wuce shekara uku ba a sake shukawa ba.